Shayin sanyi na 'ya'yan itace da kayan ƙamshi: me ya sa nawa yake bauri, kuma yake saurin lalacewa?

Ummin Sadiƙ, daga wajen Ringim:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Zafin bana ya kai inda ya kai, da azahar ko ruwan randa sai ka ji shi ɗumi-ɗumi. Ina so in riƙa haɗa wa mutanen gida shayi mai sanyi, irin wanda ake sa wa 'ya'yan itace da kayan ƙamshi, don masu dawowa daga sharar gona su samu abin jiƙa maƙoshi ba sai an sayi lemon kwalba ba.

Ga yadda nake yi: ruwa kimanin leda 8 ta fiya wata, ganyen shayi na jaka guda 10, citta, kanunfari, yankakken mangwaro da lemon tsami da ɓawonsa, duk in zuba a tukunya ɗaya su tafasa kamar minti 20. In tace, in sa suga, in jefa ƙanƙara idan an samu.

Abu uku ne ke damuna. Na farko, yana ɗaci da bauri, har harshe ya riƙa kamewa. Na biyu, da ya yi sanyi sai ya turɓune, ba ya yin garau. Na uku, wanda na haɗa da hantsi kafin isha ya fara kumfa da wani tsami da ba na lemo ba. Ba mu da wuta, ƙanƙara sai ranar da aka shigo da ita daga gari, ruwanmu kuma na tuƙa-tuƙa ne. A taimaka min da awo da tsari, Allah ya saka da alheri.


Goggo Mai Zoɓo, Gumel:

Wa alaikumus salam 'yata. Kayanki ba su da laifi, awon ganyenki ma daidai yake. Inda aikin ya ɓaci shi ne tukunya ɗaya da lokaci ɗaya da kika ba su. Abu uku kika haɗa, kowanne da irin wutar da yake so. Kayan ƙamshi sai sun sha wuta suke sakin ƙamshi. Ganyen shayi ruwan zafi kawai yake so, ba tafasa ba. 'Ya'yan itace kuwa yawancinsu ba sa son wuta ko kaɗan. Ki raba su, matsala biyu daga cikin ukun nan za su tafi.

Ga awon lita 4, wato ledarki 8.

Ki fara tafasa leda 5 tun da sassafe, ta yi tafasa sosai, ki rufe ki ajiye gefe ta huce. Wannan shi ne ruwan sirki. Kada ki ce za ki sirka da ɗanyen ruwa daga baya, daga nan lalacewa take farawa.

Sauran leda 3 ki ɗora a wata tukunya, ki zuba:

ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa biyu, a kankare a daddaka. In busasshiya ce, ƙwaya 3 a farfasa
kanunfari ƙwaya 8, kar ya wuce 10
kirfa ɓallin da bai wuce tsawon yatsa ba
masoro ƙwaya 5, a ɗan fasa

Ki rufe tukunyar, in ta tafasa ki janye itace ki bar garwashi, ta yi ta ɓararraka a hankali minti 10 zuwa 15. Murfin nan ba ado ba ne. Ƙamshin kanunfari da citta mai ne da yake bin tururi, in kika bar tukunya a buɗe maƙwabta za su sha ƙamshin, ke ki sha ruwan. Kuma murfi yana hana hayaƙin kara shiga, don ruwan da ya sha hayaƙi in ya yi sanyi ƙaurin ya fi fitowa.

Kanunfari shi ne wanda aka fi wuce gona da iri da shi. Shi ne ake dannawa a haƙori mai ciwo don yana kashe wurin, to haka zai yi wa harshen mai sha in ya yi yawa. Ƙwaya 2 a kowace lita ta isa. Kimba kuma in kina sonta, guda ɗaya tak, ki tsaga ki zubar da 'ya'yan cikin, ɓawon kawai za ki sa, don ɗacin a 'ya'yan yake. Garin kayan ƙamshi da aka niƙa kada ki yi amfani da shi a nan. Ya dace da kunu da fura, amma a shayin sanyi ba ya tacuwa, sai ya kwanta a gindin kofi kamar laka.

In lokacin ya cika, ki sauke tukunyar ƙasa gaba ɗaya. Ki bari tafasar ta kwanta kamar minti ɗaya, sannan ki jefa jakunkunan shayinki 10, ki rufe. Minti 4, iyaka 5. Ki duba agogon waya, kada ki yi kirdado. Ki tsame su da ludayi ba tare da kin matse ba, ki tace ruwan da tsabtataccen ƙyalle.

Suga yanzu za a sa, da zafinsa, don a ruwan sanyi ba ya narkewa da kyau, ƙasa yake tarewa. Gwangwanin madara 2 shafe ya ishi lita 4. Ki ɗanɗana, ki bar zaƙin ya ɗan fi yadda kike so, saboda sanyi yana danne zaƙi, kuma lemo zai zo ya rage shi. In mazarƙwaila ce, ki farfasa ki narkar da ita cikin ruwan kayan ƙamshin tun yana wuta, sannan ki tace da kyau don ba ta rasa ɗan tsakuwa da ɓawon rake. Tana ba da ɗanɗano mai daɗi da citta, sai dai launin zai yi duhu. Gishiri ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka yana fito da zaƙi kuma yana rage ɗaci, amma kada a ji shi.

Ki bar wannan haɗin a rufe ya huce da kansa, kamar minti 40, sannan ki juye masa ruwan sirkin nan. Sai a wannan gaɓar 'ya'yan itace suke shiga. Lemon tsami 4 zuwa 5, ruwansu kawai, a tace 'ya'yan. Ɓawon da kika dafa shi ne rabin ɗacin da kike ji, musamman farin nan na ciki.

In kina son launi ja, ki ɗebi zoɓo gwangwani ɗaya, ki wanke sau biyu don yashi, ki jefa shi lokacin da kika sauke kayan ƙamshi daga wuta, ki ba shi minti 15 a rufe, ki tace, ki sake ɗumama ruwan ya kusa tafasa sannan ki sa ganyen shayi. In kin sa zoɓo ki rage lemo zuwa 2, don shi ma da tsaminsa. Ki nemi baƙin zoɓo mai kauri wanda ya bushe ƙarau. Arzikin ƙasarmu ne, daga kasuwar Maigatari da Dawanau ake lodinsa har Meziko, bai kamata mu da muke nomansa mu riƙa shan ragowar da ta ji danshi ba. Wanda kika ga fari-fari a jikinsa ko yana warin rima, ki bar shi.


Malam Mai Shayi, Wudil:

Goggo ta gama magana a kan tsari, Allah ya ƙara girma. Ni zan tsaya a kan ganyen da ruwan, don nan baurin da turɓunewar suke.

Ƙanwata, ganyen shayi yana sakin abin da ke cikinsa ne bi da bi. Ƙamshi da launi da sinadarin nan mai wartsake jiki su ne suke fara fita a mintunan farko. Mai baurin, irin wanda kike ji in kin ciji ɗanyar kanya ko goro, shi yake ƙaruwa gwargwadon daɗewar ganye a ruwa da tsananin zafi. Minti 20 a kan wuta kin tatso shi kaf. A teburin shayi madara ce take rufa wannan asiri, shi ya sa mai shayi zai bar butarsa a kan wuta ba a gane ba. Shayin sanyi ba shi da madarar da za ta ɓoye masa. Don haka in kina son ya yi ƙarfi, ganye za ki ƙara, ba lokaci ba. Jaka 12 a minti 4 ta fi jaka 8 a minti 10 nesa ba kusa ba.

Jakar shayi ɗaya kimanin giram 2 ce, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya na ganyen awo. In na awo kike saye, ƙaramin cokali 10 ke nan. Ki lura, wanda yake gari-gari ya fi saurin fita da saurin bauri, minti 3 ya ishe shi. Mai manyan ganye yana ɗaukar 5. Na gida da ake nomawa a tsaunin Mambila ta jihar Taraba yana yi sarai, ba sai na waje ba. Abin dubawa shi ne kada ya zama tsohon ajiya da ya sha ƙamshin sabulu ko omo a kanti, don ganyen shayi yana zuƙar warin duk abin da aka jera kusa da shi.

Koren ganye, na ataya, hukuncinsa daban ne. Shi ko ruwan da ya tafasa yanzu ya yi masa zafi. A sauke ruwan a buɗe shi minti 5, a fara ɗauraye ganyen da ɗan ruwan zafi a zubar, sannan a jiƙa minti 2 zuwa 3. Ba ya tafiya da kirfa da masoro. Na'a-na'a da lemon tsami da 'yar citta kaɗan su ne abokansa. Na'a-na'ar ma ba a dafa ta, murza ta ake yi a tafin hannu a jefa bayan an sauke, in ta dahu sai ta yi baƙi ta koma warin dafaffen ganye.

Turɓunewa kuma abu biyu ke kawo ta. Ɗaya, sanyaya shi farat ɗaya. In shayi mai ƙarfi ya fito daga zafi aka afka masa ƙanƙara, sinadaran nan biyu, mai baurin da mai wartsakewar, sai su manne da juna su zama ƙananan ɓurɓushi da ido yake gani kamar hazo. Shi ya sa Goggo ta ce a bar shi ya huce da kansa tukuna. Ba ya cutarwa, kyan gani kawai yake ɓatawa, kuma in ya riga ya faru, rabin kofin tafasasshen ruwa a juya yakan dawo da shi. Na biyu, ruwan kansa. Ruwan tuƙa-tuƙa na wasu wuraren yana da zartsi, alamarsa ita ce farin dabbare da yake bari a gindin buta, da sabulu da ba ya kumfa da kyau. Irin wannan ruwan yana sa shayi ya yi duhu, ya yi wata yana a sama kamar mai. In naku haka yake, ki tafasa shi tun dare, ya kwana a rufe, da safe ki tsiyaye na sama ki bar na gindi. Lemon tsami ma yana taimakawa, za ki ga da kin matsa shi launin ya washe daga duhu zuwa ruwan zuma.

Wasu suna jefa kanwa wai ta kashe bauri ko tsamin zoɓo. Ni ban goyi baya ba. Tana kashe tsamin, gaskiya ne, amma tana mayar da jan zoɓo ya koma baƙi-baƙi, tana kawo ɗanɗanon sabulu in ta ɗan yi yawa, kuma tsamin da aka kashe ɗin shi ne yake ɗan tsare abin sha daga saurin lalacewa.

Sai tukunya. Tsamin lemo, tsamiya da zoɓo yana cin tukunyar sanholo da ta baƙin ƙarfe. Ta ƙarfe tana sa shayi ya yi baƙi kamar tawada, ya ɗauki ɗanɗanon tsatsa. A dafa kayan ƙamshi a wadda ake da ita, amma abu mai tsami a haɗa shi a kwanon silba mara tsatsa, ko langa mai fenti da ba ta ɓantare ba, ko robar abinci da ba a taɓa sa manja ko daddawa a ciki ba. Ludayin miya ma kada ya shiga, ki ware masa nasa.


Ummin Sadiƙ:

Na gode Goggo, na gode Malam, Allah ya bar zumunci. Lallai butarmu tana yin farin nan a gindi. To mangwaron fa? In ba za a dafa shi ba, ta yaya ɗanɗanonsa zai shiga? Yanzu shi ne a wadace, har zuba yake yi. Kuma akwai tsamiya da goruba a gida, ko su ma za su shiga?


Yaya Asabe, Ɗambatta:

Ƙanwata, a kan mangwaro zan ɗan saɓa wa Goggo, tare da girmamawa. Gaskiya ne doguwar dahuwa tana kashe ƙamshinsa ya koma kamar dafaffiyar kabewa. Amma ɗanyen mangwaro a cikin ruwan suga, a zafin da yake kaiwa digiri 40 a watan Afrilu, shi ne kumfar da kike gani kafin isha. A jikin ɓawon kowane ɗan itace akwai ƙwayoyin da suke sa ƙullu ya tashi, da sun samu suga da ɗumi sai su kama aiki. Saboda haka ga wanda ba shi da firji, gajeriyar wuta ta fi.

Ki zaɓi nunannu 4 manya, ko 7 in ƙanana ne masu zare. Kada ki ɗauki wanda ya faɗo ya fashe ko ya yi taushin ruɓa a gefe, ko da kin yanke wurin. Ki wanke su sosai, musamman wajen hancin inda ƙaron yake tsiyaya, don ƙaron nan yana sa kaikayin baki. Ki fere, ki yanka tsokar, ki zuba mata kofi ɗaya na ruwa da rabin gwangwanin suga daga cikin biyun da Goggo ta auna. Ki ɗora, da ya tafasa ki ƙirga minti 3 ki sauke. Ki dama da muciya ko maburgi, ki tace a rariya, ki sake tacewa a ƙyalle in mai zare ne. Za ki samu ruwa mai kauri, launin ƙwai. In ya huce ki juye a shayin. Ki sani mangwaro ba zai taɓa barin shayi ya yi garau ba, zai yi kauri-kauri kuma ya riƙa kwanciya, sai an girgiza kafin a zuba. Wannan ba lalacewa ba ce. Da mangwaro, citta da lemon tsami sun wadatar, ki rage kanunfari zuwa 4, ki cire masoro, don suna danne shi.

Tsamiya tana shiga, har ta fi lemo jure ajiya, domin ruwan lemon tsami in ya jima bayan an matse yakan juya ya kawo ɗaci. Curi kamar girman ƙwan kaza, a ɓare, a ɗauraye, a jiƙa a kofi 2 na ruwan zafi minti 30, a murje da cokali, a tace. Amma ɗaya za ki zaɓa a matsayin mai tsami: ko lemo, ko tsamiya, ko zoɓo. In suka haɗu su uku, sai kin ninka suga kafin a iya sha, haƙora kuma su mutu. Sabuwar tsamiya mai haske ta fi tsami, tsohuwa da ta yi baƙi ta fi laushin ɗanɗano amma tana duhunta shayi.

Goruba kuwa ita ce wadda aka raina alhali ta fi kowa dacewa da shayi. Ɗanɗanonta da ma kamar an haɗa citta da mazarƙwaila ne. Ki daddake ɓawon guda 5, ki zuba shi tare da kayan ƙamshi tun farko, don ita tana son wuta. Tana kawo zaƙinta, sai ki rage suga da kusan rabin gwangwani. Ki tace sau biyu saboda ɓurɓushin zarenta yana tsaya wa mutum a wuya.

Dabino ƙwaya 10 zuwa 12, a cire ƙwallo, a buɗe a duba ciki don tsutsa, a jiƙa a ruwan zafi awa ɗaya a dama, shi ma yana maye gurbin wani ɓangare na suga. Busasshe irin na Dutse da wanda ake kawowa daga Nijar duk suna yi. Abarba in an samu, ɓawon da zuciyar a wanke a dafa da kayan ƙamshi, tsokar a matse a sa daga ƙarshe. Lemon zaƙi a matsa da hannu a hankali, kada a murƙushe ɓawon.

Kankana ba a haɗa ta a ajiye, cikin sa'o'i kaɗan take sauya wari. In ana so, a yanka ƙanana a sa a kofi lokacin sha. Gwanda da ayaba ba su dace ba, yauƙi suke kawowa. Garin ƙwallon kuka yana da tsami mai daɗi amma yana mayar da shi kamar kunu. Madara ko nono kuma kada su kusanci wanda aka sa wa lemo, tsamiya, zoɓo ko abarba, nan take zai tsinke ya yi gudaji.


Anti Malamar Asibiti, Hadeja:

Duk abin da aka faɗa a sama daidai ne. Ni maganar sanyayawa da tsabta zan yi, don a nan ake samun ciwon ciki a ɗora wa mangwaro laifi.

Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayar cuta, ajiye ta take yi. In da gurɓataccen ruwa aka yi ta, ƙwayoyin taifod da na amai da gudawa suna nan, da ta narke a kofi sun dawo. Ƙanƙarar da aka ɗauro a bayan babur cikin buhu da dusar katako, ba ki san ruwanta ba, ba ki san hannun da ta bi ba. Irin wannan a waje take aiki, ba a ciki ba. Ki ɗura shayin a gorunan roba masu murfi da aka wanke da sabulu aka ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya huce, ki jera su a kula, ki farfasa ƙanƙarar a kansu, ki zuba ruwa ya kai wuyan gorunan. Ruwan ƙanƙara ya fi ƙanƙara zalla saurin sanyaya gora domin yana taɓa ko'ina a jikinta. In ana sauri, a watsa gishiri tafin hannu ɗaya a cikin ruwan kular, zai ƙara sanyi sosai, sai dai ƙanƙarar za ta fi saurin narkewa. A goge bakin gora kafin a buɗe. Wannan hanyar tana da wata riba: shayin ba ya salancewa. Wanda kuma yake da ƙanƙarar da ya amince da ruwanta yana so ya jefa a ciki, to ya rage ruwan sirki daidai yawanta, leda ɗaya ta ƙanƙara a bakin leda ɗaya ta ruwa.

Ranar da babu ƙanƙara, tukunyar ƙasa ce mafita. Kada a zuba shayin kai tsaye a randa ko tulu, domin jikin tukunya yana shan suga, ba ya wankuwa, haɗi na gaba zai yi tsami da wuri. A sa gorunan a cikin ruwan randa. Wanda ya fi wannan shi ne tukunya cikin tukunya, dabarar da wani malami a Dutse, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A samu babbar tukunya da ƙarama, a zuba yashi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar bakinsu ya daidaita, a cika tsakaninsu da yashin rafi kaurin yatsa biyu zuwa uku, a jiƙa shi sharkaf, a sa gorunan a ciki, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma mai kauri. Ruwan da yake tsattsafowa ta jikin babbar yana bushewa, bushewar ce take janye zafin ciki. Don haka sai a inuwa mai iska, ƙarƙashin darbejiya ko a zaure mai ƙofa biyu, ba a ƙuryar ɗaki ba. A ɗora ta a kan duwatsu uku iska ta bi ta ƙasa, a ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Tukunyar waje kada ta zama mai fenti ko wadda aka shafe da siminti, sai mai zufa. A bazara da iska take a bushe ta fi aiki, da damina ta kankama ƙarfinta yana raguwa. Ko gora ɗaya aka naɗe da jiƙaƙƙen tsumma aka rataye a inuwa, ana samun sauƙi.

Amma fa sanyin tukunya na jin daɗin sha ne, bai kai na firji ba. Shayin da yake da suga da 'ya'yan itace, in ba firji, na yini ɗaya ne: a haɗa da safe a shanye kafin la'asar, ko a haɗa bayan azahar don magariba in lokacin azumi ne. A firji mai wuta tsayayya, kamar na sola, yana kai kwana 2 zuwa 3. Da an ga kumfa tana tasowa da kanta, ko gora ta kumbura ta yi tsit da aka buɗe, ko ya fara yauƙi, a zubar, kada a ce za a sake tafasawa. Kuma kada a jiƙa ganyen shayi a ruwa a shanya a rana wai ya dahu da kansa, wannan ɗumin bai kai ya kashe komai ba, raya ƙwayoyin yake yi.

Mai juna biyu da mai ƙarancin jini kada su sha shayi tare da abinci, yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ake gina jini da shi, a ba da tazarar awa ɗaya zuwa biyu. Zoɓo yana ɗan saukar da hawan jini, mai shan maganin hawan jini da mai ciki kada su mayar da shi ruwan sha. Mai ciwon suga ya sani zuma, dabino da mazarƙwaila duk suga ne, a ɗebar masa nasa kafin a sa zaƙi. Yaron da bai cika shekara 1 ba ba a ba shi zuma sam. Ƙananan yara a yi musu nasu ba ganyen shayi, goruba da 'yar citta da mangwaro sun isa. Wanda kuma zafi ya buge ko yake gudawa, ba wannan ne maganinsa ba, ruwan gishiri da suga ne: lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na suga shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, sannan a kai shi asibiti.


Goggo Mai Zoɓo:

Asabe ta yi gaskiya a kan mangwaro, na karɓa, minti 3 ɗin nan ba ya ɓata shi. Ƙari ɗaya, 'yata, tunda itace ma yanzu da tsada: ruwan kayan ƙamshin da sugansa, ba ganyen shayi ba 'ya'yan itace, ki dafa na kwana biyu lokaci ɗaya. Leda 2 ta ruwa, ki ninka cittar da kanunfarin da kirfar, suga gwangwani 4, ya tafasa har ya ɗan yi danƙo a bayan cokali. Ki juye da zafinsa a kwalbar gilashi da kika ɗauraye da ruwan zafi, ki toshe. Yawan sugan da tafasar su suke tsare shi. Kullum da safe sai ki jiƙa ganyenki minti 4 a leda 3 ta ruwan zafi, ki zuba rabin kwalbar, ki sirka, ki sa mangwaro ko tsamiyar ranar. Cokalin da za ki ɗiba da shi ya zama busasshe, in kuwa da tsiyayawa za ki yi ya fi.